Akwati na Goma

Saura wata uku Malam Mahmuda ya bar aikin gwamnati, matarsa Sailuba ta sanar da shi inda aka yi masa canjin wurin aiki. Ba ta ɗaga murya ba. Tana tsintar shinkafa a faranti ta ce daga ranar da ya ajiye biro, shi zai riƙa zama a shagonta na robobi da ke babbar kasuwar Lafiya, daga azahar zuwa magariba, kwana shida a mako.

"Shekara ashirin da biyu ina zaune a shagon nan, Baban Zuhra. Gwiwoyina sun gaji. Kai kuma ga shi Allah ya kawo ka."

Ya so ya yi gardama, ya laluba bai sami hujja ba. Shekara talatin da biyar ya yi a ma'aikata. Ya shiga yana mai buga tafireta, zai fita da wani muƙami mai dogon suna wanda ko shi sai ya duba katinsa yake tuna shi, amma duk gari Akawu ake ce masa. Tun da kwamfuta ta zo aka tura tafiretarsa sito, aikinsa ya koma karɓar fayil da hannun dama ya miƙa da na hagu. Duk da haka aiki ne. Mutum ya tashi da safe ya sa hula, a tambaye shi ina za shi, ya sami amsar bayarwa. Yanzu kuwa sai ya hango kansa a tsakiyar bokitai da kwanduna, wani tsohon darakta ya zo wucewa ya same shi ana ja-in-ja da shi a kan fo na yara.

Akwai kuma abin da bai taɓa gaya mata ba. Kusan shekara guda ke nan, duk Litinin da Laraba da Juma'a in ya taso daga ofis, yakan sauka daga keke napep tun kafin a kai unguwarsu, wai yana motsa jini. Gaskiyar magana, a unguwar Bukan Sidi akwai wani gida mai katangar bulo da bishiyar mangwaro inda wasu tsofaffin ma'aikata ke haɗuwa da yamma su yi kiɗa. Mai gidan, Jerome, tsohon malamin makaranta ne da ya taɓa kiɗa a wani otel a Jos zamanin ƙuruciya. Yawanci hailaif suke yi, wato kiɗan rawa irin na Kudu, amma kafin su fara sukan ɗumama hannu da wani kiɗa mai jan ƙafa, wanda daga baya Jerome ya ce masa sunansa buluz, na baƙaƙen Amurka ne.

Ranar da Mahmuda ya fara jin sa ta bayan katanga, tsayawa ya yi cak. Ya yi masa kama da garayar da yake ji a Doma yana yaro, sai dai wannan ta yi makaranta. Kiɗa ne na mutumin da ke ba da labarin wahalarsa ba tare da ya nemi kowa ya yi wani abu a kai ba. Duk wanda ya yi shekara takwas a mataki ɗaya ana ce masa takardar ƙarin girmansa tana kan teburin Oga, ba ya buƙatar a yi masa tafinta.

Daga bayan katanga ya koma bakin ƙofa, daga bakin ƙofa ya koma kan benci. Ana haka mai jitarsu ya tattara ya koma Makurdi wurin ɗansa, kujerarsa ta zauna babu kowa. Jerome, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ya dubi Mahmuda rabi wasa rabi gaske ya ce, "Akawu, hannun da ya buga tafireta shekara ashirin zai iya buga jita. Ka koya. Ranan da ka zagaya buluz sau uku da mu ba ka faɗi ba, wannan kujera naka ne."

Saboda haka washegarin sanarwar Sailuba, tana ɗaura gyale za ta kasuwa, ya gabatar da buƙatarsa. A rage masa yamma uku a mako.

"Kiɗa?" ta ce. "Kai?"

"Ni."

"Baban Zuhra, ko tafi aka ce a yi a wurin biki, sai kowa ya gama kake farawa."

"Wannan na ilimi ne. Da littafi ake koyonsa."

Ta dube shi daga hula har silifa. "To, ji nan. In tsofaffin nan suka ɗauke ka da gaske, suka ba ka kujera, na bar maka kwana ukun. In ba su ɗauke ka ba, shida cif, kuma kada in ji zancen ciwon baya."

A kan haka suka tsaya. Shi ya so a rubuta, ta ce ita ba ta mantuwa.

Jitar ta hannu ya saya, a shagon kayan gwanjo da ke hanyar Jos, tana jingine tsakanin wata fanka mara kai da injin markaɗe. Littafin kuwa a ƙasa ya same shi, wurin mai baza tsofaffin littattafai a bakin tasha. Ƙato ne, bangon gaba ya yage, babu suna babu marubuci, amma cike yake da zanen yatsu, a bangon baya kuma ga faifan CD a cikin 'yar jaka. Sailuba ta ce kowa yanzu a waya yake koyon abu, har ɗinki. Ya ce shi ba ya koyon abin da ba shi da lambar shafi.

Ya buɗe wa karatun fayil, ya ja jadawali da rula. Hutun barin aiki ya riga ya fara, don haka daga ƙarfe bakwai na safe yana falo. Ya saka faifan a tsohon injin DVD, sai ga muryar wani Ba'amurke mai magana a hankali kamar wanda ya ƙoshi. Rabin Turancinsa ta hanci yake fita, amma Mahmuda ya yi shekaru yana ɗaukar shifta daga bakin manya masu magana da goro a baki, bai sha wata wahala ba. Tun ranar ya sa wa mutumin suna Oga.

Makon farko kan yatsunsa ya yi bororo, ko maɓallin riga sai da dabara. Maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga ya tambaya ko gadon ƙarfe ake gyarawa. A mako na uku yatsun suka yi kanta, maƙwabcin ya daina tambaya, ya dai riƙa ƙara sautin rediyonsa.

Littafin ba shi da wuyar fahimta. Kamu uku ne kacal, wato hanya uku ta dafa yatsu a wuyan jita. Sai shafi na sha tara, inda aka zana akwatuna goma sha biyu, layi uku, huɗu-huɗu. Kowane akwati bugu huɗu ne, an rubuta a cikinsa kamun da za a yi. In ka kai na sha biyu ka koma na ɗaya. Buluz ɗin ke nan gaba ɗaya. Mahmuda ya ji daɗi ƙwarai, don ya cike fom da suka fi wannan wuya nesa ba kusa ba.

A darasi na bakwai Oga yake kaɗa akwatunan a hankali, zagaye ɗaya tak, don ɗalibi ya bi. Daga na takwas faifan ba ya tafiya, sai ya yi ta juyi babu magana, amma wannan bai dame shi ba, zagayen nan shi ne abin da Jerome ya nema. Ya ɗora yatsa a kan shafi yana bin Oga yana ƙirgawa.

Goma sha ɗaya.

Ya mayar ya sake. Goma sha ɗaya. Ya goge tabarau, ya sake har sau biyar. Oga yakan zo lafiya lau har akwati na tara, sai a ji wani ɗan sauti, ƙas, sai ga shi a na sha ɗaya. Na goma ko leƙa shi ba ya yi.

Da wani ne da ya ruɗe. Mahmuda bai ruɗe ba, domin an warware masa irin wannan matsala tun shekararsa ta farko a aiki. Wani babban sakatare ya ba shi daftarin wasiƙa an rubuta taro ranar Talata, da baki kuma yana wucewa ya ce Alhamis. Mahmuda ya bi takarda. Ya sha takardar tuhuma, tana nan a fayil ɗinsa har gobe. Daga ranar ya riƙe doka guda wadda ta kai shi ƙarshen aiki lafiya: in takarda ta ce kaza, Oga ya ce kaza da bakinsa, bakin Oga ake bi. Takarda tsohon umarni ce, baki ne sabo. Babu shakka bayan an buga littafin ne Oga ya sake shawara, bai sami sukunin fitar da sanarwa ba. Manya suna da yawan aiki.

Ya ɗauko jan biro da rula ya soke akwati na goma da layi biyu. A gefe ya rubuta cewa an gyara bisa umarnin baki, ya sa hannu, ya sa kwanan wata.

Saura ƙas ɗin. Littafin bai ce komai a kansa ba, amma tunda Oga ya yi shi, akwai dalili. Ya gwada da tsirkiya, ya gwada da harshe, a ƙarshe ya gano in ya ƙwanƙwasa cikin jitar da farcen babban yatsa, sautin yana fita sak. Kwana huɗu ya ɗauke shi kafin ya iya saka shi a daidai wurinsa ba tare da bugu ya karye ba. A duk kiɗan, nan ne ya fi alfahari da shi.

Sau arba'in yake zagayawa kowace safiya, yana sa alama a fayil, Sailuba tana tsakar gida tana aikinta kafin ta fita ƙarfe goma. Gidan Jerome kuwa bai ƙara leƙawa ba, don a tarbiyyarsa ba a nuna aiki yana daftari. Kuma, a faɗi gaskiya, hannun ya zo. Akwai safiyar da ya tura tsirkiya sama da yatsa yadda shafi na ashirin da shida ya nuna, jitar ta yi wani ɗan kuka siriri ta dawo, har ya waiga ya ga ko wani ne ya shigo ya yi. Ya kai ga in suna kaɗawa tare da Oga ba ka bambanta su. Su zo na tara tare, su yi ƙas tare, su isa gida tare.

Larabar ƙarshe ta hutun ya sa kaftaninsa mai ruwan toka, ya naɗe jitar a zanen gado, ya sa fayil a hammata, ya tari keke napep zuwa Bukan Sidi.

Su uku ya tarar a gindin mangwaro. Jerome a bayan kibod ɗinsa mai maɓalli biyu da suka daina magana. Norbert mai ganga, tsohon direban ma'aikata, wanda bakinsa ba ya hutu. Sai Terfa mai babbar jita, tsohon malamin gona, wanda yakan yi wuni bai ce kalma goma ba.

"Ah ah! Akawu ya kawo amarya!" in ji Norbert. "Buɗe fuskan mu gani. Kai, wannan ba amarya ba ne, ya taɓa aure sau uku."

"Mai hankali nake so, Oga Norbert, ba mai kyau ba."

Jerome ya karɓi jitar ya daidaita ta da kibod, ya mayar masa, ya nuna kujerar da babu kowa. "Zagaye uku. Kar ka yi sauri, ba gobara ba ne. Norbert, oya."

Norbert ya buga sanda sau huɗu, suka shiga.

Abin da littafi bai gaya masa ba shi ne yadda kiɗa yake in da mutane masu numfashi ake yin sa. Sautin babbar jitar Terfa ta ƙasa ya biyo, ya hau ƙafar kujera, ya zauna masa a gadon baya. Ya wuce akwati huɗu na farko tsaf. A na biyar ya canza kamu, kibod ya canza tare da shi kamar sun yi shawara. A na bakwai ya yi ƙarfin hali ya tura tsirkiya, ta yi ɗan kukan nan, Jerome ya ɗaga gira. Mahmuda ya ji bokitai suna nisa da shi.

Na tara. Ƙas.

In ka taɓa ganin mutum huɗu sun ɗauko kabad suna sauka daga bene, ɗaya ya riga sauran taka ƙasa, to haka aka yi. Shi ya isa gida, su suna hanya. Kibod ya karkata, ganga ta yi tuntuɓe, komai ya zube.

"Terfa!" in ji Norbert. "Kai ne. Kullum kai ne."

"Ban yi komai ba."

"Shi ne matsalan, ba ka yin komai."

Aka sake. A daidai wurin nan aka sake zubewa. Aka yi na uku, haka. Mahmuda ya ga abin yana neman ya zama abin kunya ga masu gida, ya gyara murya cikin ladabi.

"Oga Jerome, ba wai ina yi muku gyara ba ne. Amma ina jin kamar kuna ɗan makara a wajen ƙarshe."

Wani ɗanyen mangwaro ya faɗo kan kwanon ɗaki ya gangara.

"Mu uku muna makara?" Jerome ya tambaya. "Tare?"

"Haka dai kunnena ya ba ni."

"Tun kafin a yi jihar Nasarawa nake wannan kiɗa, Akawu. Kaɗa kai kaɗai in ji."

Ya kaɗa. Jerome yana lanƙwasa yatsu, ya gama hannu biyu ya ɗaga yatsa ɗaya, sai ya ga Mahmuda ya koma farko.

"Sha ɗaya. Ina na goma? Ka bar shi a gida?"

"An soke shi."

"Wa ya soke?"

Mahmuda ya ji daɗin tambayar, don irin ta ce aka yi fayil dominta. Ya buɗe shafi na sha tara ya miƙa. Jerome ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙa wa Terfa. Terfa ya duba, ya ajiye jitarsa a hankali, ya tashi ya zagaya bayan mangwaro. Daga inda suke suna hango kafaɗunsa suna rawa.

"Ya sa hannu!" Norbert ya ƙwala. "Jama'a, har da kwanan wata! Akawu, hatimi fa? Ina hatimi?"

Mahmuda ya yi musu bayanin dokar takarda da baki, har da labarin Talata da Alhamis. Duk tsofaffin ma'aikata ne, babu wanda ya ce dokar ƙarya ce. Norbert ma ya ce shi ya taɓa kai Ogansa Keffi alhali takarda ta ce Akwanga. Jerome dai hannu ya miƙa.

"Ba ni faifan."

Ya zaro shi daga jaka ya karkata shi ga rana. Ga shi nan a fili, wani dogon karce kamar an ja ƙusa.

"Oga naka bai soke komai ba. Faifai ne ya yi tsalle. Wannan ƙas da kake yi, ciwon faifai ne ka haddace."

Mahmuda ya karɓa ya duba. Abin da ya fara zuwa masa, abin mamaki, ba wata ukun ba ne. Kwana huɗun nan ne.

"To ai da sauƙi," ya ce. "A mayar da shi. A sake."

Ashe ba sauƙi. Kansa ya karɓi sabon umarni nan take, hannun ne bai sami sanarwa ba. Su zo na tara, yana ce wa kansa tsaya, tsaya, sai babban yatsan ya tafi da kansa ya yi ƙas. Norbert ya ɗauki aikin ihu, in an zo wurin ya ce "Goma!" da ƙarfi har kajin gidan suka watse. A gwaji na huɗu ya shiga na goma, murna ta sa ya zauna a ciki bai fita ba har sauran suka zagayo suka same shi. A na shida Jerome ya ɗaga hannu daga kibod.

"Akawu, zan gaya maka gaskiya. Hannunka yana da daɗi, ban yi tsammani ba. Amma da inji ka koya. Inji ba ya jin ka, kai ma ka saba ba ka jin kowa. Abin da hannu ya yi sau dubu ba zai fita yau ba." Ya cire tabarau. "Kujera, a'a. Ba yanzu ba. In kana so ka zo ran Laraba, ba ɗan ƙungiya ba, ɗan koyo. Ka zauna kusa da Terfa, ka bar littafi a gida."

Mahmuda ya naɗe jitar a zanenta a hankali, yana daidaita gefe da gefe. Da ya rage shi da Jerome a bakin ƙofa ya sassauta murya.

"In Maman Zuhra ta tambaya, ko za a iya cewa an ɗauke ni, ana dai jiran wasu 'yan takardu?"

"Matarka? Wanda matana yake sayen bokiti a wurinsa?" Jerome ya girgiza kai. "Abeg, Akawu. Ni tsoho ne, ina son in mutu a gadona."

Bai tafi gida ba, kasuwa ya wuce. A cikin keke napep ya shirya rahoto, ya gyara shi sau uku. Ya tarar da Sailuba tana sauke kwanduna da butoci daga igiyar ƙofar shago.

"Yaya?" ta ce.

"An zauna. An duba buƙata. Kwamiti ya yaba da ƙoƙari ƙwarai, ya kuma ba da wasu shawarwari waɗanda..."

"Baban Zuhra. Sun ɗauke ka ko ba su ɗauke ka ba?"

"Ba su ɗauke ni ba."

"Me ka yi musu?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba, har da jan biro. Ta kife wani baho ta zauna a kai, ta rufe baki da gefen gyale, ta yi dariya har mai shagon kusa ta leƙo. Da ta samu numfashi ta share ido.

"Ashe shi ne! Wallahi na daɗe ina jin sa. Ina shara, ina tankaɗe, hannuna yana bin ka lafiya, sai in ji kamar na taka matakalar da babu. Kullum a wuri ɗaya. Sau biyu ina zubar da gari."

"Kin ji? Me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni? Ka ce na ilimi ne. Na ce wataƙila mutanen Amurka haka ƙafarsu take."

Ya jingine jitar a bango. Bai san inda zai sa idonsa ba, sai ya sa shi a kan tarin kujerun roba.

"Shida muka ce," in ji ta.

"Shida muka ce."

Bai roƙa ba. Ya naɗe hannun kaftani ya shiga taya ta kwasar kaya. Ya cusa manyan bokitai a kan ƙanana, ta zo ta warware ta sake jerawa. Ya rataya butoci a inda ake rataya tsintsiya. Sai da suka kusa gamawa, tana neman makulli a jaka, ta yi magana ba ta dube shi ba.

"Larabar nan da suka ce, ƙarfe nawa?"

"Huɗu."

"Ka je. Ba don kai ba. Wata uku ina tuntuɓe a tsakar gidana, ina so in ji yadda abin yake in ya cika. Amma sauran kwana biyar nawa ne. Kuma wannan," ta nuna jitar da makulli, "a nan za ta zauna. Ka dami 'yan kasuwa, su sun saba da hayaniya."

Ranar Litinin bayan azahar Malam Mahmuda ya kama aiki. Ba abin da ya faɗo daga sama. Zafi ya kori mutane, layin robobi ya yi shiru, sai janareton wani mai niƙa can nesa. Ya sayar da mazurari ɗaya da soson wanki. Da ya ga babu kowa ya ɗauko kofuna goma sha biyu daga kwali ya jera su a kan tebur, ya sa ja a matsayi na goma, sauran duk shuɗi. Ya ɗauko jita, ya ɗaure babban yatsansa da tsumma don ko ya ƙwanƙwasa kada a ji, ya fara bi kofi-kofi da ido.

Yana cikin zagaye na takwas wata mata mai goyo ta tsaya, ta duba jerin, ta miƙa hannu ta ɗauki jan.

"Hajiya, ɗauki kowanne, ban da wannan."

"Shi nake so. Na sayarwa ne ko na ado?"

Na sayarwa ne. Ya sa mata shi a leda, ya cike gurbin da kwanon sabulu mai ruwan ɗorawa, ya koma ya zauna. Ya zo na tara ya tsallake na goma. Ya zo ya sake tsallakewa. Gab da kiran la'asar, sau ɗaya, hannun ya tsaya a kwanon sabulu, ya yi bugu huɗu, ya wuce na sha ɗaya, ya kai na sha biyu. Ya ɗaga kai ya duba layin. Babu kowa sai mai shagon kusa, tana gyangyaɗi a kan tarin tabarmi. Ya gyara zaman tsumman a yatsa ya koma kofi na ɗaya.